YADDA EKKLESIYA TA ZAMA DANGI

 A shekara ta 2024 aikin mishan ta SIM a ƙasar Nijar ya cika shekara 100, gama a 1924 ne aka buɗe tasha ta fari a birnin Damagaram. Dattawa suka umurce ni in rubuta labarin zaman ekklesiya cikin wannan ɗan littafin tunawa. Ni kuwa na ce to, gama maganar manya ba a mai da ita.

Da na zauna zan fara, sai na tuna da tambayar da wani saurayi ya yi mini a wani ƙauye, mako biyu bayan an yi masa baptisma. Ya ce, "Malam, na ba da gaskiya, ba ni kuwa ja da baya. Amma ubana ya ce in kwashe kayana. Wa zai nema mini aure? In na haihu, wa zai raɗa wa ɗan suna? In na mutu, wa zai ɗauke ni?" Na tabbata da yawa cikinku masu karanta wannan takarda kun taɓa yi wa kanku tambayan nan da tsakad dare. To, ku sani ba a kanku aka fara ba. Iyayenmu na fari sun yi ta, amsar da Allah ya ba su kuwa ita ce tarihin da zan ba ku, watau yadda jama'a 'yar kaɗan ta zama dangi ga wanda ya rasa dangi, ta wurin renon 'ya'ya a gida, da kula da samari, da aikin da a ke yi ba don kuɗi ba.

WATA UWA DA SAMARI UKU

Mafarin labarin yana can nesa, a birnin Toronto ta ƙasar Kanada, a gidan wata mace mai suna Margaret Gowans. Matan nan ta reni 'ya'yanta cikin tsoron Allah, har 'yarta ta tafi ƙasar Sin aikin bishara, ɗanta Walter kuma ya ƙudura zai zo ƙasar Sudan. A zamanin nan abin da Turawa ke kira Sudan shi ne dukan ƙasashen da ke bakin hamada ta kudu, tun daga yamma har kogin Nilu, ƙasar Hausa tana tsakiya. Wata rana ta kira wani saurayi mai wa'azi, Rowland Bingham, zuwa gidanta, ta yi ta ba shi labarin ƙasashen nan har zuciyarsa ta kamu, ya tashi ya bi Walter. Na ukunsu shi ne Thomas Kent, mutumin Amurka.

Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, Bingham ma bai cika 21 ba, ba kuwa wata babbar ƙungiya da ta ɗauki nauyinsu. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida shi kaɗai, ya kai wa uwar Walter 'yan kayan ɗanta. Ba ta yi da na sani ba, sai ta ci gaba da addu'a, tana ƙarfafa masu niyyar komowa. Bingham ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake ka da shi. Sai a 1902 aka sami kafa tasha ta fari a Pategi, a ƙasar Nupe, bakin kogin Kwara.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Mishan ɗin da mu ke tunawa da ita a ɗakin wata uwa aka haife ta, samari ne suka ɗauko ta, ba kuwa wanda ya yi musu alkawarin albashi. Yadda ta fara, haka ta yi ta tafiya har ta iso mu.

DAMAGARAM DA TSIBIRI

Daga Pategi aikin ya yi ta hawa arewa sannu a hankali, har aka ƙetaro iyaka aka zauna Damagaram a 1924. A lokacin nan ita ce babban birnin ƙasar a hannun Faransa, sai a 1926 aka mai da gwamnati Yamai. Bayan 'yan shekaru Malam David Osborne ya buɗe tasha a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, kusa da Maraɗi.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Mahukuntan Faransa ba su amince da 'yan mishan ba, gama Ingilishi su ke ji, daga Nijeriya kuma suka shigo. Tun 1922 akwai doka cewa kowace makaranta a ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma sai da Faransanci za ta koyar. Saboda haka 'yan mishan na fari suka fi ba da ƙarfi ga wa'azi a kasuwa, da ba da magani, da koya wa mutum biyu ko uku karatun Hausa a gindin itace. A 1932 Allah ya ba mu babbar kyauta, aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na mishan ta CMS a ƙasar Zazzau ya yi ta fama da shi shekara da shekaru tare da waɗansu. Tun daga ran nan duk wanda ya iya karatu ya zama malamin gidansa.

Da yawa daga cikin masu bi na fari samari ne. Waɗansu yaran gidan mishan ne masu ɗebo ruwa da kiwon doki, waɗansu sun zo neman magani ne suka ji Magana. Sa'ad da Faransa ta faɗi a hannun Jamus a 1940, gwamnatin Vichy ta riƙe ƙasan nan har wajen ƙarshen 1942, ta ƙara takura wa 'yan mishan, tana zarginsu da leƙen asiri domin Ingila. A kwanakin nan masu bi 'yan ƙasa suka koyi wani abu mai amfani, watau sujada ba ta jiran Bature.

Bayan yaƙi hanya ta ɗan buɗe. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, Likita Burt Long ne likitanta na fari. A 1956 aka buɗe wurin jinyar kutare a Danja. Aka yi makarantar yara a Tsibiri, da ta 'yammata a Sura, da ta noma a Maza Tsaye, da ta Littafi Mai Tsarki a Agye. A Nijeriya ekklesiyoyin SIM suka tsaya da ƙafarsu a 1954 da sunan ECWA. Mu kuma, bayan da ƙasa ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta, 1960, aka kafa Ekklesiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wadda a ke kira EERN. Wannan shi ne ƙashin labarin. Yanzu bari mu duba yadda mutane suka zauna a cikinsa.

GIDAN MAI BI

Kowa ya sani a ƙasar Hausa ba uwa da uba kaɗai ke renon ɗa ba. Akwai kaka mai tatsuniya, da goggo, da kawu, da baffa. Ɗan fari ma, saboda kunya, sau da yawa a hannun kaka ya ke tashi. Yaro ya kan koyi noma a gandun ubansa, ya koyi karatu a makarantar allo, in ya isa aure baffansa ya shige masa gaba. Shi ya sa a ke cewa ɗa na kowa ne. To, mutumin da ya bi Yesu aka kore shi, duk waɗannan ya rasa a yini ɗaya. Ga shi da 'ya'ya, bai kuwa taɓa ganin yadda a ke renon ɗa a gidan Kirista ba, gama shi ne na fari a zuriyarsu.

Abin da iyayenmu suka yi shi ne, suka mai da tsakar gida makaranta. Da asuba kafin a fita gona maigida ya tara iyali a yi addu'a. Da dare bayan tuwo a kunna fitila, a karanta sura ɗaya, a rera waƙa daga Littafin Waƙoƙi, kowane yaro ya kawo ayar da ya haddace. A gidaje da yawa ɗan da ya je makaranta shi ke karantawa, uban yana fassara ma'ana. Haka yaro ya koya wa uba baƙi, uba ya koya wa yaro hankali.

Ba su kuwa yar da al'adun kirki na ƙasa ba. Ran suna a kan taru da sassafe, fasto ya yi addu'a ya faɗi sunan, a raba abin da Allah ya hore, a kira maƙwabta duka. Daga nan aka sami su Ishaku da Rifkatu da Istifanus, da su Alheri da Godiya da Murna. In mace ta haihu ba uwa kusa, matan Zumuntar Mata su ne ke dafa ruwan wankan jego, su dama kunun kanwa, su kwana da ita. In saurayi ya isa aure dattawan ekklesiya su ne baffanninsa. Makarantar 'yammata ma ta taimaka ƙwarai a nan, gama samari masu bi sun fi 'yammata yawa a farko, gidan Kirista kuwa ba ya kahuwa sai da uwa wadda ta san Maganar Allah.

Ubana yana cikin waɗanda aka kora. Wata tsohuwa gwauruwa a cikin ekklesiya ta ba shi zaure ya zauna shekara huɗu, ita ce ta kai goron aurensa, ita ce kuma na tashi ina kira Kaka. Sai da na yi wayo na san ba jininmu ɗaya ba. Ba ta iya karatu ba, amma labarin Yusufu da na Daniyel a bakinta na fara ji.

Sai dai kada mu ɓoye kuskure. Akwai masu bi waɗanda, saboda zafin abin da aka yi musu, su ma suka yanke zumunci, suka tsare 'ya'yansu a unguwar mishan, har yaran suka tashi ba su san gidan kakansu ba. Wannan bai yi kyau ba. Waɗanda suka fi hikima suka dinga zuwa gaisuwa, da ta'aziyya, da barka, ko an ɓata musu rai, gama zumunci a ƙafa ya ke. Sau da yawa jika ne ya buɗe ƙofar da aka rufe wa ubansa. Ubana ya yi shekara tara yana aika wa mahaifinsa damin gero kowace kaka ana mai da masa. A ta goma tsohon ya karɓa, ya ce a kawo masa ni ya gani.

Ke kuma 'yar'uwa wadda ki ka ba da gaskiya maigidanki bai bayar ba, ki tuna da Timothawus. Ubansa Baheleni ne, amma Manzo Bulus ya shaida cewa bangaskiyar yaron ta fara zama ne a cikin kakarsa Lois da uwarsa Afniki, tun yana jariri kuma aka san da shi Littattafai. Abin da mata biyu suka yi a garin Listira, kina iya yinsa a ɗakinki.

MAKARANTAR LAHADI DA TARON SAMARI

Gida kaɗai ba ya isa, gama yaro ya kan kai lokacin da maganar abokai ta fi ta uwa daɗi a kunnensa. Ekklesiya a ko'ina ta sha fama da wannan. A 1780, a garin Gloucester ta Ingila, wani mai buga jarida, Robert Raikes, ya ga yaran talakawa suna aiki kwana shida, ran Lahadi kuwa suna yawon banza da faɗa a titi. Ya nemi waɗansu mata su tara su, su koya musu karatu da Maganar Allah. Daga nan Makarantar Lahadi ta bazu cikin duniya. A 1883 kuma, a birnin Glasgow, wani malamin Makarantar Lahadi mai suna William Alexander Smith ya ga manyan yara sun gagare shi zama, sai ya haɗa musu fareti da wasanni da karatun Littafi Mai Tsarki, ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade. Ta iso Ikko a 1908, daga baya ta shiga ekklesiyoyin arewacin Nijeriya, ita da ta 'yammata.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne a ce samari su yi ƙungiya. Tun kaka da kakanni kowane gari yana da sarkin samari da jama'arsa, masu share hanya da taryen baƙi da haƙa kabari. Bayan 1974 gwamnatin Seyni Kountché ma ta farfaɗo da Samariya a dukan ƙasa. Saboda haka da ekklesiya ta tara matasanta, abin da suka gada ne ta ba shi sabuwar manufa. Aka sami ƙungiyar mawaƙa, da wasan kwaikwayo na Kirsimati, da taron matasa lokacin hutu, inda yaron da shi kaɗai ne Kirista a ajinsu zai zo ya ga ɗaruruwa irinsa, ya koma gida da ƙarfin zuciya. A irin tarurrukan nan da yawa suka sami abokan zama, da yawa kuma suka ji kiran shiga makarantar Littafi Mai Tsarki.

A farkon shekarun 1960 wani motsi ya tashi daga arewacin Nijeriya, mai suna Sabon Rai Don Kowa, ya bazu zuwa waɗansu ƙasashen Afirka. Koyarwarsa ita ce shaidar Almasihu aikin kowane mai bi ne. A kan kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, a koya wa mutane yadda za su yi shaida, sa'an nan a fita ƙauyuka. Manoma da ɗalibai da matan aure suka ɗauki aikin da dā a ke bar wa fasto da mai bishara.

Ni kaina na yi makarantar mishan, na gode wa malamaina. Amma wanda ya fi kafa ni shi ne malaminmu na Makarantar Lahadi, wani tela ne a bakin kasuwa. Shekara ashirin yana koyar da yara, ba a taɓa ba shi ko dala ba. In yaro bai zo ba ran Lahadi, ran Litinin za ka ga kekensa a ƙofar gidansu. Sa'ad da na kai shekara 15 na fara bin 'yan caca, bai kai ni gaban dattawa ba. Ya kira ni ya ce daga yau ni zan riƙa koya wa ƙananan yara waƙa. Kunyar yaran nan ce ta raba ni da karta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, telan nan kuwa ya san tanƙwarar da ba ta karyawa.

AIKIN GAYYA

A cikin Ayyukan Manzanni, sura 6, mun karanta yadda gunaguni ya tashi a ekklesiyar Urushalima a kan rabon abincin gwauraye, aka zaɓi mutum bakwai su lura da shi. A sura 9 kuma ga Dokas ta Yafa, wadda gwauraye suka yi ta nuna rigunan da ta ɗinka musu. Da iyayenmu suka ji waɗannan labaru suka gane su nan da nan, gama gayya ce, wadda suka sani tun suna yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Majami'un fari na ƙauyukanmu da gayya aka gina su. Maza su kwaɓa ƙasa su buga tubali, mata su ɗebo ruwa su yi fura, samari su sare azara. Da damina a yi wa mara lafiya noma, a yi wa mai bishara, gama albashinsa ba ya kai shi ko'ina. Da kaka kowa ya kawo damin godiya, a zuba a rumbun ekklesiya domin baƙo da gwauruwa da wanda aka kora. A asibiti kun san yadda a ke yi, dangin majinyaci ne ke yi masa jinya da abinci. Wanda ya zo ba shi da kowa, sau da yawa matan ekklesiya ne danginsa, ba a kuwa tambayarsa addininsa kafin a miƙa masa kwano. Kutaren da garinsu ya guje su suka sami masu wanke musu miki a Danja, a can kuma aka buɗe asibitin mata masu yoyon fitsari a 2012.

Yunwa ma ta gwada mu. An yi fari mai tsanani a 1973 da 1974, aka sake yin wani a 1984, wanda mutanen ƙasar Maraɗi ke kira El Buhari, domin a shekaran nan ne Nijeriya ta rufe iyakarta. A lokacin akwai wani ma'aikacin SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana ƙasa. In aka bar reshe kaɗan masu ƙarfi aka sare sauran, itacen zai tashi da sauri. Da yunwa ta zo, shi da abokan aikinsa 'yan ƙasa suka haɗa rabon abinci da koyar da wannan dabara, wadda a ke kira sassaben zamani. Manoma suka koya wa juna, yawancinsu Musulmi, har masana suka ƙiyasta an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a ƙasar Nijar. Hidimar da aka fara cikin sunan Almasihu ta zama inuwa ga dukan gari, haka kuwa ya kamata.

Amma ga wani abin da ke damuna. Tun da kuɗin furoje suka yawaita a ƙasa, mun fara koyon wani hali. A kira taron koyarwa, tambayar fari ita ce ko akwai kuɗin zama. A nemi mai share majami'a, sai a ce a ɗauki ma'aikaci. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, wannan gaskiya ne, bai kuwa kamata a bar fasto da yunwa ba. Amma in kowace hidima sai an biya, ran da kuɗin baƙi suka tsaya, ran nan zumunci zai tsaya. Ɗan'uwa ba ya karɓar lada don ya kwana wurin ɗan'uwansa mara lafiya.

KWANAKIN WUTA

Ran Jumma'a 16 ga Janairu, 2015, tarzoma ta tashi a Damagaram saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, abin da ba mu da hannu a ciki, ba mu kuwa yarda da shi ba. Kashegari ta kama Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu, aka ƙone majami'u masu yawa, a Yamai kaɗai hukuma ta ƙidaya 45. A garin da aka fara aikin shekara 91 kafin nan, masu bi suka gudu suka bar gidajensu.

Kada mu manta da abu biyu. Na fari, akwai maƙwabta Musulmi waɗanda suka ɓoye Kirista a ɗakunansu, shugabannin ƙasa da malamai da yawa kuma suka la'anci abin. Wannan amfanin zaman lafiya ne da gaisuwa da taimako na shekaru. Na biyu, shugabannin ekklesiya suka yi shelar gafara, samarinmu kuma ba su rama ba. Aka share toka, aka yi sujada a fili da ƙarƙashin rumfa. Yawancin waɗanda suka ɗauki wuta samari ne, waɗanda suka ɗauki tsintsiya su ma samari ne. Abin da aka zuba wa yaro tun yana ƙarami, shi ke fitowa ran tsanani. Wuta ta ci jinka da benci, amma addu'ar dare da Makarantar Lahadi ba su ƙonuwa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Bisa ga ƙidayar 2012 mu Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba a ƙasan nan. Wajen rabin mutanen Nijar kuwa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Littafin Alƙalawa, sura 2, ya ba da labarin yadda bayan mutuwar Joshuwa da tsararsa aka yi wata tsara wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuwa san abin da ya yi wa iyayenta ba. Tsara ɗaya tak ta isa a yi wannan hasara.

Zan faɗi laifina a gabanku. Akwai shekarun da na yi ina yawon wa'azi ƙauye ƙauye, in dawo a gajiye, addu'ar dare ta mutu a gidana ban lura ba. Wata rana na tsawata wa babban ɗana don ya ƙi zuwa taron matasa, yana ta danna waya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kana da lokacin 'ya'yan kowa, ban da mu." Maganan nan ta fi bulala zafi. Na tuna da Eli firist, wanda ya reni Sama'ila da kyau, nasa 'ya'yan kuwa suka lalace. Na roƙi gafarar Allah da ta yaron, muka sake kunna fitila. Har yanzu muna kan gyara.

Saboda haka, ya ku iyaye, ku mai da addu'ar gida wurinta, ko da ta ɗan lokaci kaɗan ce, a ajiye waya a buɗe Littafi. Wanda bai iya karatu ba ya sa ɗansa ya karanta. Ku dattawa, ku ba samari aiki na gaske tun yanzu, ku tuna shekarun Bingham sa'ad da ya sauka Ikko. Ku samari, kada ku jira a biya ku kafin ku koya wa ƙannenku. Ku kuma da ku ka shigo kwanan nan, kada ku zauna a bencin baya kamar baƙi. Ku shiga gidan wani dattijo ku ga yadda ya ke da iyalinsa, ku yi tambaya, ku kuma ci gaba da gai da danginku da ladabi.

Saurayin nan da na ba ku labarinsa da fari, wani manomi cikin ekklesiya ya ba shi ɗaki da 'yar gona. Bayan shekara uku dattawa suka nema masa aure. Da matarsa ta haihu, Zumuntar Mata suka yi jego, ni na yi addu'ar suna. Muna cikin taro sai ga wata tsohuwa ta tsaya a bakin zaure da ƙwaryar gero a ka, ta lulluɓe fuska. Uwarsa ce. Ba ta shigo ba ran nan, amma ta karɓi jaririn ta riƙe shi, ta daɗe tana dubansa. Yanzu shi ne ke koyar da Makarantar Lahadi a ƙauyen, akwai kuma wani yaro da aka kora yana kwana a zaurensa.

Allah wanda ya riƙe iyayenmu shekara 100 ya riƙe mu, ya sa 'ya'yanmu da jikokinmu su san shi. Alherin Ubangiji Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.